Neman shawara: 'yan biyuna za su cika shekara 11, kuma sun ce ba sa son zaman kujera

Maman 'Yan Biyu, Fadaman Mada, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da malamai, musamman waɗanda suka taɓa fita da tarin yara zuwa wani wuri a wajen gari. 'Yan biyuna, namiji da mace, za su cika shekara 11 a ƙarshen watan Janairu idan Allah ya kai mu, kuma sun zo mini da buƙatar da ban saba da ita ba. A shekarun baya abin da muke yi bai wuce a dafa shinkafa, a sayo kek, a kira 'ya'yan maƙwabta da na 'yan'uwa su zauna a tsakar gida, a ci, a sha, a ɗauki hoto, a watse. Bana sai suka ce wannan na ƙananan yara ne. Namijin ya kafe a kan gandun namun daji na Yankari, domin yana so ya ga giwa da idonsa, ita kuwa macen ta ce ba ta damu da wurin da za a je ba, muddin za a yi wani abu da hannu ko da ƙafa, ba a jera su a kujerun roba suna kallon juna ba.

Mahaifinsu bai hana ba, amma ya gindaya sharaɗi cewa ba za a kwana a waje ba, ba za a kira mai kiɗa ba, kuma kuɗin da za a kashe kada ya zarce abin da aka saba kashewa da nisa. Abin da nake so in sani shi ne, shin za a iya zuwa Yankari a dawo a yini guda ba tare da an galabaitar da yara ba? Yara nawa ya dace a ɗauka, tunda kowannensu ya lissafo mini abokai sun fi goma? Shin ruwan Wikki, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, ya dace da yaran da ba su iya iyo ba? Idan kuma akwai wani wuri da ya fi sauƙi, ina maraba da shawara. Allah ya saka da alheri.

Malamin Firamare, Yelwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su, ya sanya albarka. Abin da yaranki suka faɗa shi ne abin da muke gani kullum a aji biyar da aji shida. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 12 ya wuce lokacin da balan-balan da alewa za su riƙe shi, amma bai kai lokacin da zai zauna hira da abokai na tsawon yini kamar saurayi ba. Abin da yake so shi ne a damƙa masa wani aiki, a nuna an yarda zai iya, sannan ya samu labarin da zai kai wa 'yan ajinsu ranar Litinin. Saboda haka wurin da za a je ba shi ne kan gaba ba, abin da za a ba su su yi idan an isa shi ne kan gaba.

Game da Yankari, ana iya zuwa a dawo a yini guda, amma sai an yi sammako na gaskiya. Daga Bauchi za ku bi hanyar Gombe har Dindima, daga nan ku karya zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, kimanin kilomita 29 daga Dindima. Inda mutane da yawa suke ruɗewa shi ne, isa ƙofa ba isa ba ne, domin daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wasu kilomita 42 a cikin daji, kuma ba wurin gudu ba ne. Gaba ɗaya tafiyar ta kai kilomita 110, don haka ki ƙiyasta awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Idan kun tashi da zarar an idar da sallar Asuba, za ku isa da hantsi, idan kuma kun baro sansanin bayan La'asar kaɗan, za ku shigo gari kafin duhu ya yi. Kada ki yarda magariba ta riske ku a hanya da 'ya'yan mutane.

Ƙarshen Janairu lokaci ne mai kyau. Ciyawa ta bushe, ganye ya ragu, tafkunan cikin daji sun fara ƙafewa, saboda haka dabbobi suna kusantar kogin Gaji domin shan ruwa, kuma zafin bazara na Maris da Afrilu bai sauka ba tukuna. Sai dai ina roƙon ki da ki zaunar da ɗanki tun yanzu ki gaya masa cewa Yankari ba gidan zu ba ne. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, kuma giwayen ba a ɗaure suke ba; wani ya je ya gan su garke guda, wani kuma kashinsu da sawunsu kawai zai gani. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa ya dawo bai gan ta ba, zai ɗauka tafiyar ta lalace, ko da ya ga ɓauna da gwanki da mazo.

Dabarar da nake amfani da ita ke nan. Ana raba yaran gida biyu, a ba kowane ɓangare takarda da fensir, a rubuta musu sunayen dabbobi da Hausa: gwanki, kanki, gwambaza, mazo, ɓauna, gadu, dorina, kada, jan biri, gwaggon biri, giwa. Kowace dabba da makinta, wadda ta fi wuyar gani ta fi maki, sannan wanda ya gano sawu ko kashi ya tambayi ɗan rakiya na wace dabba ne, shi ma yana da nasa makin. Da zarar an yi haka, motar da za ta cika da surutu sai ta yi tsit, kowa ya zuba ido a taga, domin sun gane cewa hayaniya tana korar abin da suke nema. A sansanin akwai ɗan gidan tarihi da aka ajiye hauren giwa da fatu da ƙasusuwa, kuma a nan ne za a iya kammala gasar da tambayoyi. Idan lokaci ya ba da dama, a tambayi ma'aikata hanyar kogunan Marshall, waɗanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse, guda 59, kimanin kilomita 7 daga sansanin.

A kan yawan yara, ra'ayina shi ne kowane ɗaya ya zaɓi abokai uku, su zama takwas gaba ɗaya, tare da manya aƙalla uku ban da direba. Direba ba mai kula da yara ba ne, yana buƙatar ya huta domin dawowa. Sannan ki yi hattara da gwaggon birin sansanin Wikki, domin sun saba da mutane har sun daina tsoro. Na ga wanda ya nufo wata yarinya kai tsaye, ya fizge ledar biskit daga hannunta, ya haye kan rufi ya zauna yana ɓare ledar da yatsunsa yana kallonmu. A bar abinci a cikin mota, a ɗaga gilashi, a kulle ƙofa, kuma a gargaɗi yara kada wanda ya miƙa musu wani abu ko ya jefe su.

Ma'aikaciyar Jinya, Gombe

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan hanya da lokaci, amma bai taɓa maganar ruwa ba, kuma ita ce ta fi damuna. Ruwan Wikki garai-garai yake, ana hango yashin ƙasansa, ɗuminsa kuma ba ya sauyawa, yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wannan kyan nasa ne yake yaudarar mutane, domin wanda ya hango ƙasa sai ya zaci ba zurfi, alhali akwai inda ya kusa mita biyu, wato ya shanye babban mutum ma, balle ɗan shekara 11. Yaron da bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba, kuma a samu babba guda wanda ya iya ruwa, aikinsa kawai ya tsaya yana ƙirga kawuna, ba ya riƙe da waya, ba ya ɗaukar hoto, ba ya hira. Mutane suna zaton yaron da ruwa ke ci zai yi ihu yana ɗaga hannu, amma galibi shiru yake nutsewa, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Idan ba ku da wanda ya iya ruwa a cikin manyan, Hajiya, shawarata ita ce a tsoma ƙafa a bakin ruwa kawai, a yi haƙuri da wankan.

Abu na biyu, kafin ki ɗauki ɗan kowa, ki je da kanki ki ga mahaifiyarsa, kada ki tsaya ga saƙon da yaro ya kai ya kawo. Ki tambaye ta ko yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko wani abincin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa. Mai sikila ƙishirwa da gajiya da sanyi suna iya tayar masa da ciwo, kuma a watan Janairu yaro zai fito daga ruwan ɗumi iskar hunturu ta buge shi da jiƙaƙƙen jiki. Ba a ce kada a tafi da shi ba, amma a tanadi tawul da rigar sanyi, ya riƙa shan ruwa a kai a kai, maganinsa kuma yana hannun babba. Mai asma shi ma abin shaƙarsa ya kasance a jakarki, ba a aljihunsa ba, saboda ƙurar hanya.

Akwai ƙudan tsando a dajin, cizonsa da zafi, kuma ya fi bin baƙin tufafi da shuɗi mai duhu, don haka a sa wa yara kaya masu haske da dogon hannu. A mota kuma duk wanda bai kai shekara 12 ba kujerar baya ce wurinsa, kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra take faɗa, kuma kada a cusa yara biyar a kujerar mutum uku don ana ganin ƙanana ne.

Idan an fasa Yankari, don Allah kada a maye gurbinsa da wanka a dam, ko Gubi ne a wajenku ko Dadin Kowa a wajenmu. Ban da haɗarin zurfi, ruwan da yake kwance irin wannan shi ne mazaunin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda take shiga ta fata, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini.

Dattijo, Ƙofar Ran

Assalamu alaikum. 'Yata, Allah ya yi wa zuri'arki albarka. Kin san cewa malamanmu sun yi saɓani a kan bikin ranar haihuwa, wasu suna ganin baƙuwar al'ada ce da ya kamata a bari, wasu kuma suna ganin babu laifi idan ba a ɗauke shi ibada ba kuma ba a haɗa shi da abin ƙi ba. Ba zan buɗe wannan babi a nan ba tunda ba shi kika tambaya ba, sai dai ki sani cewa a cikin iyayen da za ki nemi izininsu akwai wanda kalmar bikin ce za ta sa ya ƙi, alhali da kin ce masa za ki kai yara su ga dabbobi su ga tarihi, da ya amince da farin ciki. Ki faɗi gaskiyar dalilin fitar, amma ki bayyana musu abin da za a yi dalla-dalla, wanda ya ƙi kuma kada ki riƙe shi a zuciya.

Abin da nake so in ƙara shi ne shekarun yaran. Hadisi ya zo da cewa a umarci yara da salla suna shekara bakwai, a tsananta a kanta suna shekara goma, a kuma raba musu shimfiɗa. Waɗannan sun wuce goma, ga maza ga mata. Don haka a tsara tafiyar yadda Azahar da La'asar za su samu wurinsu, a tafi da tabarma da buta, a bar ɗaya daga cikin yaran ya kira salla. Idan za a shiga ruwa, mata su shiga da lokacinsu tare da mace babba, cikin suturar da ta dace, maza kuma da nasu lokacin. Yarinya 'yar shekara 11 ta fara jin kunyar jikinta ko da ba ta faɗa ba, kuma idan ba a yi mata wannan tanadi ba za ki ga ta koma gefe ta ce ba ta son wankan.

Ni da za a bi tawa, gandun dabbobi na Sumu zan ce ku je. Yana cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, ta hanyar Ningi, bai kai nisan Yankari ba, kuma a can ne aka saki dabbobin da aka kawo daga ƙasar Namibiya a shekarar 2006, cikinsu har da raƙumin dawa da jakin dawa. Wurin bai kai Yankari girma ba, saboda haka samun ganin dabbobin ya fi sauƙi. A hanyar kuma ga Kafin Madaki, inda gidan Madaki yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarar 1860, shi ne kuma maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A shigar da yara su ɗaga kai su dubi rufin, a tambaye su yadda aka yi ƙasa da azara suka tsaya a sama fiye da shekara 150 ba siminti ba ƙarfe, a bar su su yi ta gardama kafin a nuna musu yadda ake jera azara ana ɗaura baka. A nemi izinin masu kula da gidan tun kafin ranar, domin gidan sarauta ne, ba a faɗa masa kai tsaye.

Maman Ɗalibai, Jahun

'Yar'uwa, ni zan saɓa wa waɗanda suka riga ni kaɗan, tare da girmama su. Kin ce maigida ya iyakance kuɗi. Ki lissafa hayar bas da mai na tafiyar da ta haura kilomita 200 zuwa da dawowa, da kuɗin shiga na kowane kai, da na motar zagaya daji da ɗan rakiya, da abincin mutum goma sha biyu, za ki ga lissafin ya tsere wa kuɗin kek da shinkafa. Kafin ki yi wa yara alkawari, ki tuntuɓi ofishin wurin ki ji kuɗin da ake karɓa a yanzu, kada ki dogara da abin da wani ya biya bara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abin da 'yarki ta nema ana iya samunsa a cikin gari. Da safe a kai su kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, a miƙa wa kowannensu takardar naira biyar tun a ƙofa, a ce ya dubi fuskar da ke jiki. Ginin kansa yana magana, domin ana shiga ta wata hanya mai duhu ana hawa a hankali har a fito fili inda kabarin yake, ga kuma ɗakin da aka ajiye kayan da ya yi amfani da su. A ba su tambayoyin da sai sun karanta abin da ke bango ko sun tambayi ma'aikaci za su samu amsa, kamar shekarar da aka haife shi, 1912, da shekarar da ya zama Firayim Minista, 1957, da watan da aka kashe shi, Janairun 1966.

Daga nan a dawo gida a shiga gasar masa, tunda mu mutanen Bauchi ba a gaya mana masa. A jiƙa shinkafa tun jiya, a niƙa, a sa yis ƙullun ya tashi, sannan a kafa tanda biyu a tsakar gida, kowane ɓangare da babba a kusa saboda wuta da mai. Zuba ƙullu ba wuya, juyawa ce gwaninta, kuma sai kin ga yadda yaro namiji yake cije leɓe yana lallaɓa cokali a gefen gurbin tanda don kada masarsa ta fashe a gaban abokai. Kakarsu ta zama alƙali, ta ɗanɗana da miyar taushe ko ƙuli, ta faɗi ɓangaren da ya yi nasara. Da yamma maza su yi langa, mata su yi carafke ko gaɗa, waɗanda suka gaji kuma a haƙa musu gurabun dara a ƙasa. A irin wannan tsari za ki iya gayyatar duk abokan da suka lissafo, babu wanda za a bari yana jin haushi a makaranta.

Maman 'Yan Biyu, Fadaman Mada, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mahaifinsu duka amsoshin, kuma maganar ruwa ta sa ya ce a jinkirta Yankari har sai yaran sun koyi iyo, mu je mu kaɗai a matsayin iyali. Yanzu mun karkata ga Sumu da Kafin Madaki da yara takwas, ranar Asabar, tare da takardar makin da Malam ya kawo, sannan washegari a yi gasar masa a gida domin sauran abokan da ba a tafi da su ba. Saura abu guda, Malam: uku daga cikin yaran suna da waya, kuma ina tsoron su shafe tafiyar kansu a sunkuye. In karɓe wayoyin ne tun daga gida?

Malamin Firamare, Yelwa

Kada ki karɓe da ƙarfi, Hajiya, domin za ki fara tafiyar da fushi. Ki shaida wa iyayensu tun da wuri cewa wayoyin yara za su zauna a gida, ki ba su lambarki da ta wani babba da zai raka ku, ki kuma gaya musu cewa akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa a hanya, don kada hankalinsu ya tashi idan kira bai shiga ba. Sannan ki ware waya guda ta ɗaukar hoto, ki naɗa mai ɗaukar hoto na kowace awa, ana karɓa-karɓa, hoton dabba mai kyau kuma ya zama yana da maki a takardar. Sauran ma kowa ya samu muƙaminsa: mai riƙe da lissafin maki, mai rabon ruwa, mai duba agogo saboda salla, mai ƙirga mutane kafin mota ta tashi, mai tattara shara a leda. 'Yan biyun su ne shugabannin ɓangarorin biyu, amma a bar ƙuri'a ta raba musu mabiya, kada ya zama maza a gefe guda mata a gefe guda. Takardar dabbobin kuma sai a gyara ta, a cire giwa da dorina, a sa raƙumin dawa da jakin dawa a sama.